Daminar da Muka Biya Haraji da Injin Baba

Warin man gas idan ya haɗu da ƙamshin jiƙaƙƙen gero, duk inda na shaƙe su sai hannuna ya tsaya. Shekaranjiya ma haka ta faru. Ina zaune a ɗan ofishin da nake aiki a Gummi, kwana uku ke nan ana yayyafi ba ɗaukewa, ina haɗa wa wata mai ɗinki lissafin shekararta don takardar haraji, sai mai niƙan bayan layinmu ya tayar da injinsa. Iska ta kwaso warin ta shigo da shi ta taga. Matar ta dube ni ta ce, "Malama, lahiya?" Na ce lafiya lau, na ci gaba da tambayarta kuɗin zare da na allura da na hayar shago. Amma ni na riga na koma Bukkuyum, ina 'yar shekara goma sha biyu, tsaye a bakin rumfar Baba rungume da littafi.

Baba manomi ne kafin ya zama mai inji, kuma har ya bar duniya zuciyarsa ta manomi ce. Malam Umaru Mai Inji ake ce masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa furta sunana ba, Uwata yake kirana. Injin nan ya saye shi ne da kuɗin bijimansa biyu na huɗa da wata gonar gado da ya sayar a wajen Gwashi. Ya kafa shi a wata rumfar kwano a bakin hanya, yana biyan hayar wurin duk wata. Gonar da ta rage mana ƙarama ce, hatsinta ba ya kai mu ƙarshen shekara. Injin ne ke cike giɓin. Daga gare shi cefane ke fitowa, da sabulu, da kuɗin littattafaina.

Kowace safiya bayan ya dawo masallaci sai ya juya hannun injin. Injin ya yi tari biyu ko uku, ya fitar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama. Unguwarmu da shi take sanin gari ya waye. Kafin azahar Baba ya zama fari fat, gira da gemu da gashin hannu duk gari, idonsa kaɗai ke nuna mutum ne.

Shekarar da ta gabaci wadda nake ba da labari ita ce shekarar da yara suka yi ta mutuwa a 'Yargalma da Duza da wasu ƙauyukan. Daga baya aka gano dalma ce a cikin dutsen zinarin da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gidaje, wani lokaci ma da injin da ake niƙa hatsi. Tun kafin a gano hakan masu zinari sun sha zuwa wurin Baba da kuɗi masu kauri, ya ƙi. Ba don ya san da guba ba. Cewa ya yi bakin da ke cin abincin mutane ba ya cin dutse. Da abin ya bayyana sai labari ya bazu cewa injin Malam Umaru bai taɓa ganin dutse ba. Mata suka riƙa aiko da niƙa daga unguwanni masu nisa, har daga ƙauye a kan jaki da babur. Layin kwanuka da ƙorai ya miƙe daga bakin rumfa har gindin dalbejiyar bakin titi. Baba bai ƙara ko sisi a kuɗin niƙa ba, ya ce ba zai ci riba da tsoron mutane ba. Man gas kuwa kullum tashi yake. Amma mai wucewa layi yake gani, ba ya ganin jarka.

A wannan shekarar ne muka fara littafin. Na iya haɗa lambobi masu yawa a makaranta, Baba yana jin daɗin haka ƙwarai. Ya sayo mini littafin rubutu mai bango ja. Kullum idan ya kashe inji da la'asar sakaliya, sai ya zauna a tabarma ya juye aljihunsa, tsofaffin takardun kuɗi masu laushi da gari a jikinsu, ni in ƙirga in rubuta kwanan wata da adadin. Yana cewa alhamdulillahi, in rufe littafi. Bayan an rufe ne yake ware kuɗin man gobe, wanda yakan cinye fiye da rabin abin da ke tabarmar, ya ware na baƙin mai ko na gyara idan akwai, ɗan abin da ya saura ya miƙa wa Inna. Wannan rabon ba a rubuta shi. Na taɓa tambayarsa ko in rubuta, ya ce, "Abin da Allah yab bayar aka rubutawa, Uwata, don a gode. Abin da yat tahi, mi za ki yi da shi?"

Ma'aikacin haraji ya zo ranar wata Talata, saura kamar kwana ashirin azumi. An yi ruwa da safe, ƙasa na tururi, warin gas ya kwanta ƙasa-ƙasa ya ƙi tashi. Mutum ne siriri, ya naɗe ƙafar wandonsa saboda taɓo, ya sa fayil ɗinsa a leda. Ya yi sallama da ladabi, ya ce ana zagayen masu sana'a ne, kowa zai faɗi abin da yake samu a shekara. Baba ya rage wa injin ƙarfi, ya leƙo ya ƙwala mini kira, don gidanmu na bayan rumfar.

"Uwata! Ɗauko littahin nan naki, ga baƙo na son ganin aikinmu."

Na zo da gudu. Na tuna har mayafina na gyara a hanya. Mutumin ya buɗe littafin yana juya shafi a hankali.

"Wa ke rubuta wannan?"

"Ɗiyata ta. Aji shidda take."

"Rubutunta ya fi na wasu a ofishinmu."

Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ya fito da wayarsa ya haɗa jimlar wata-wata da na riga na yi a ƙasan shafuka. Ya ce miliyan ɗaya da dubu ɗari da 'yan kai.

"Miliyan?" in ji Baba. "Ni?" Ya fashe da dariya, gari na zuba daga gemunsa. "To alhamdulillahi."

Wata tsohuwa da ke zaune kan ƙwaryarta a layi ta ce, "Ashe miloniya muka kawo ma niƙa! Malam Umaru, yau kyauta za ka niƙa muna." Matan suka kwashe da dariya.

Ma'aikacin bai yi dariya ba. Ya ce, "To Malam, wannan abin da ya shigo ke nan. Ina abin da ya fita?"

"Ya hita ina?"

"Mai. Ba ka sayen mai? Da bel, da gyara, da hayar rumfar nan. Ana cire su tukuna. Abin da ya rage shi ne samunka, a kansa ake yanka haraji."

Baba ya share garin girarsa da bayan hannu. Ya ce, "Ni tun ina yaro, in anka yanke gero, dami goma aka ƙirgawa a hidda guda. Ban taɓa jin wanda yac ce bari in cire kuɗɗin taki da na 'yan ƙwadago kahin in ba Allah nashi ba. Abin da gona tab bayar, shi aka ƙirgawa."

"Wannan ba zakka ba ce, Malam."

"Na sani. Amma bakin da ka hwaɗa ma Allah lissahi, shi ka hwaɗa ma hukuma. Ba ni da baki biyu."

"Ba ƙarya ba ce, doka ce ta ba ka. Kana da rasit na mai?"

Tsohuwar ta sake sa baki. "Ɗan bumburutu ka ba da rasit? Wanda ko canji sai an yi hwaɗa?" Aka sake dariya. Gaskiyarta ne, a galan Baba ke sayen mai wurin masu sayarwa a bakin titi.

"To ƙiyasta mini. Ko da kusan-kusan ne."

"In ƙiyasta, in ƙara sisi, ya zama ƙarya, ga azumi tahe? A'a. Rubuta abin da ke ga littahi, shi na tabbatar."

Mutumin ya ɗan tsaya. Ya dubi sama, hadari na sake haɗuwa ta gabas, ya dubi sauran shagunan da bai kai ba. Ya ciro takardar cikewa daga fayil, ya rubuta babbar lambar a akwati na farko. A akwati na biyu ya ja ɗan gajeren layi. Ina tsaye kusa da gwiwar hannunsa, na ga lokacin da ya ja shi. Baba ya dangwala yatsa, ya ƙara wa injin wuta, aka ci gaba da niƙa. Ni kuma na koma gida ina maimaita wa kaina cewa rubutuna ya fi na 'yan ofis.

Daga nan marka ta sauka. Ruwa ba mai ƙarfi ba, amma ba ya tafiya. Sama ta zama toka-toka, rana takan leƙo kamar mai jinya ta koma. Bangon ɗakin Inna ya jiƙe har rabi, tabarmi suka yi funfuna, ashana ta ƙi kamawa sai an ɗumama ta a hammata. Itacen girki ɗanye, hayaƙi ya fi wutar yawa, kullum idon Inna ja. Rumbunmu ya kai ƙasa, sai an shiga ciki da tsintsiya. Gero a gona ya yi kore shar ya fi ni tsawo, yana kaɗawa, amma ko kai bai fitar ba. Wannan ne lokacin da ya fi kowane wuya a shekara, abinci na tsaye a gabanka kana kallonsa, ba ka isa ka ci ba. Muna fita da Inna bayan gari mu tsinko tafasa da rama, a dafa, a kwaɗanta da ɗan ƙuli. Baba yakan je gona da sassafe ya yi maimai, ya dawo ya tayar da inji da hantsi.

Aka ga wata. Ranar biyu ga azumi wani ma'aikacin daban ya kawo takarda a kan babur, ya ba Baba ya wuce. Baba ya shigo da ita gida bayan la'asar, ya miƙo mini. Turancinta ya fi ƙarfin aji shida, amma na gane sunan Baba, na gane lambar. Na karanta ta. Naira dubu ɗari da casa'in.

Inna tana tace kunun buɗa-baki. Ta ce, "Sake dubawa, ko kin ƙara sihiri guda."

Na sake ƙirga sifirin da yatsa. Ban ƙara ba.

Babu wanda ya yi salati, babu wanda ya ɗaga murya. Inna ta ci gaba da tatar kunu. Baba ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba. Aka kira salla, muka sha kunu da kwaɗon tafasa. Na tuna ina jin ɗumin kunun yana sauka a cikina, ina jiran in ji tsoro ko kuka, ba su zo ba. Abin da na ji kawai shi ne ɗigar ruwa daga indararo cikin bokiti.

Kwana huɗu bayan haka Kawu Bala ya zo, ƙanin Inna. Masinja ne a wata makaranta a Gummi, shi kaɗai ne mai albashi a danginmu, don haka duk abin da ya shafi hukuma shi ake kira. Ya juya takardar gaba da baya, ya girgiza kai.

"Yaya, haraji ba a ja da shi. Mu nan da kike gani, kahin albashi shi zo hannunmu an riga an yanke. Ba a tambayarka, ba ka ganin ma wanda yay yanka. In sunka rubuta, sun rubuta."

Inna ta ce, "To ba a zuwa a kama ƙahwa? A ce masu mai na cin rabi?"

"Sai dai Malam shi tai da kanshi."

Baba yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran tocila. Ya ce, "In je in ce mi? Mutum ya zo har rumhwata, ya tambaye ni, na hwaɗa mashi gaban mutane. Yanzu in koma in ce maganata ta jiya ba ita ba ta? Da azumi ga bakina?"

Inna ta ce, "Malam, ba canza magana ba ta. Gaskiya ta, man nan saye kake."

"Ke dai bari."

Kawu Bala ya ƙara da cewa ya ji an garƙame wa wani mai shago ƙofa a Anka da kwaɗon hukuma, jama'a na kallo. Ban san ko gaskiya ne ba, shi ma ji ya yi. Amma na ga hannun Baba ya tsaya a kan tocilar. Ba talauci yake tsoro ba, ya saba da shi. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne a rufe masa rumfa a gaban matan da ke layi, a ce Malam Umaru ya ci haƙƙin hukuma.

Kwanakin da suka biyo baya duk kamarsu ɗaya, shi ya sa ba na iya jera su. Sahur da ɗumamen tuwon dawa idan akwai, in babu, kunu. Yayyafi. Ƙarar inji. Inna ta daina karɓar kuɗin cefane, ta ce a tara. Miya ta koma kuka da gishiri da daddawa, babu mai. Abin da aka tara a kwana goma bai kai dubu shida ba. Baba ya zagaya wurin mutum biyu neman rance, amma a watan marka kowa hannunsa a rufe yake, mai hatsi ma ɓoyewa yake. Ni dai kullum da la'asar ina ƙirga kuɗi ina rubutawa kamar yadda na saba. Ba wanda ya ce in daina, ni ma ban ga dalilin dainawa ba. Ban haɗa littafin da takardar a raina ba, ko kuma na haɗa na ajiye can wani wuri da ba na leƙawa.

Ranar sha biyar ga wata Baba ya ce wa Inna ba zai shiga goman ƙarshe da nauyin kowa a wuyansa ba. Inna ta gane abin da yake nufi. Ta ce, "In ka sai da shi, mi za mu ci?" Ya ce, "Abin da munka ci kahin shi zo."

Mai saye ɗaya ne ke da kuɗi a hannu a wannan lokacin, kuma kowa ya san ko wane iri ne. Wani baƙo ne mai harkar zinari, ba ɗan ƙasarmu ba, Hausarsa ma daban take. Yana cikin waɗanda Baba ya taɓa korar tayinsu. Bai yi wa Baba gori ba. Ya zagaya injin, ya saurari bugunsa, ya taya dubu ɗari da sittin da biyar. Baba bai yi ciniki ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa.

"Ka yi mani alkawali ba ka kahwa shi cikin gida. Can daji, nesa da yara."

"In sha Allahu, Malam."

"Kuma kar a sake zuba mashi hatsi. Ko ƙwara."

"An gama."

Inna ta ba da tumakinta biyu aka kai kasuwa, suka cike dubu ashirin da biyar ɗin.

Ranar sha tara ga azumi suka zo da a-kori-kura. Baba da kansa ya kwance kusoshin, don ya ce su za su lalata. Ya cire bel ɗin ya naɗe, ya goge jikin injin da tsumma kamar za a kai shi biki. Maza shida suka ɗaga shi da sanduna, ƙafafunsu na nutsewa a taɓo. Akwai mata uku da suka zo da niƙa ba su ji labari ba, suka tsaya da ƙorai a ka suna kallo. Ɗaya ta ce, "To mu ina za mu?" Da motar ta tafi sai ga wurin da injin ya zauna shekara bakwai, baƙin tabo mai kusurwa huɗu a kan siminti, da ramukan kusoshi huɗu da ruwa ya fara cikawa. Na tsaya ina kallon ramukan. Ina jin yunwar azumi, ina jin sanyi a tafin ƙafata. Ban ji wani abu ban da su ba.

Washegari Baba ya sa farar rigarsa ya je ya biya. Ya dawo da rasit, ya nuna wa Inna, ya ce alhamdulillahi da murya irin wadda yake yi idan na rufe littafi. A ranar ya shiga goman ƙarshe.

Shirun ne ya fi damun unguwa. Mutane suka riƙa makara. Inna ta jawo tsohon dutsen niƙan kakata daga bayan rumbu, ta wanke, muka koma durƙuso a kansa ni da ita, tafin hannuna ya yi kanta kafin salla. Ba a yi mana ɗinki ba a shekarar. Na sa kayan bara, Inna ta sauke mini kalmasar zanen. Bayan salla da kamar mako uku gero ya nuna, muka fara tumu, muka ci har muƙamuƙi ya gaji. Da aka yi girbi Baba ya jera dammunansa a gona, talatin da ɗaya, ya fitar da uku ya aika wa waɗanda yake aika wa duk shekara.

Bai sake mallakar inji ba. Ya yi ƙwadago a gonakin mutane da damina, da rani ya yi dako a kasuwar hatsi. Bai taɓa cewa an zalunce shi ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba. Abu ɗaya ya nace a kai, kada a cire ni daga makaranta, kuma Kawu Bala ya ɗauki rabin nauyin. Baba ya rasu ina ajin ƙarshe na sakandare, ciwon ƙirji.

Da na shiga babbar makaranta lissafin kuɗi na karanta. Ba zan ce saboda injin ba ne, lambobi dai suna yi mini sauƙi. A shekara ta biyu aka koya mana yadda ake fitar da abin da haraji ke hawa kansa. Mai albashi, wurin aikinsa ke cire masa abin da doka ta yafe, a yanki harajin a kan saura kafin kuɗin su iso shi. Mai sana'a kuwa shi zai kawo lissafinsa. Duk abin da ya kashe don sana'ar ta gudana, kuma don ita kaɗai, ana cire shi daga abin da ya shigo. Abin da aka ci a gida ba ya ciki, kayan salla ba sa ciki, sadaka ba ta ciki. Amma mai yana ciki, da gyara, da haya. Har tsufan da inji ke yi ana ware masa wani kaso duk shekara. Na rubuta duka a littafina da kyakkyawan rubutu, na ci jarrabawar.

Da na zo hutu na nemo jan littafin a akwatin Inna. Na zauna kusa da ita tana tsinke zogale.

"Inna, galan nawa Baba ke sha a rana?"

"Shi ko injin?"

"Injin."

"Uku. Ranar kasuwa huɗu." Ba ta ko yi tunani ba. Ta san kuɗin galan a farkon shekarar da ƙarshenta. Ta san sau nawa bel ya tsinke, don duk ranar da ya tsinke ba a sa nama a miya. Ta san duk mako biyu ake kai farantan niƙan a wasa su, da abin da mai wasawa ke karɓa. Ta san hayar rumfa. Ashe shafin da ba mu rubuta ba yana nan a kanta, ba wanda ya tambaye ta.

Na jera su, na cire, na cire kason tsufan inji, na cire rangwamen da doka ke yi wa mai iyali a wancan lokacin. Na sake yi sau biyu don kada in yi son kai.

"Nawa yak kama?" in ji Inna.

"Wajen dubu goma sha uku."

Ta ci gaba da tsinke ganyen. Can ta ce, "Kuɗɗin tunkiya guda ke nan."

"E."

"Kuma biyu gare mu." Ta kakkaɓe zanenta. "Miƙo mani faifan can."

Iyakar abin da muka ce ke nan. Na ɗauka a ranar na gama sanin duk abin da ke cikin labarin. Na gaya wa kaina cewa tun ranar Talatar nan da aka ja gajeren layi a akwati magana ta ƙare, babu abin da wani zai iya yi bayanta, kuma wannan tunanin ya riƙe ni shekaru.

Yanzu aikina ke nan. Masu ɗinki, masu shagon magani, masu sayar da taki, su nake haɗa wa lissafi. Yawancin kuɗinsu ta waya yake shiga, kowace naira da sawunta, ba sai an juye aljihu a tabarma ba. Ni ma albashina yakan zo an riga an yanke, kamar na Kawu Bala. Duk wanda ya zauna a gabana, abin da ya kashe nake fara tambaya kafin abin da ya samu. Wasu suna mamaki. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Ɗiyata, ke ba ki son jin alheri sai asara?"

A watana na uku a wannan ofishin wani mai shagon kayan gini ya shigo a rikice da takarda irin ta Baba, an yanka masa abin da ya fi ƙarfinsa. Na karɓa na duba, na fara neman kalmomin da zan ba shi haƙuri. Mai gidan aikinmu, wani dattijon akanta, ya leƙo ta kafaɗata ya dubi kwanan watan da ke jiki.

"Yaushe aka ba ka?"

"Yau kwana takwas."

"To da sauran lokaci. Malama, rubuta masa wasiƙar ƙin amincewa. Layi huɗu ya isa. A ce ba a cire abin da ya kashe ba, ga lissafin a haɗe, a sake dubawa."

Na ce, "Bayan an riga an yanka?"

"Ƙwarai. Yana da kwana talatin daga ranar da takardar ta shiga hannunsa. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba roƙo ba ne, haƙƙinsa ne. Ba a koya muku ba?"

Wataƙila an koya mana ranar da ban je ba, ko kuma na rubuta ban ji ba. Na ce, "Tun yaushe dokar take haka?"

Ya ce, "Tun kafin a haife ki."

Na rubuta wasiƙar, layi huɗu, mutumin ya sa hannu ya tafi. Sannan na jawo wata 'yar takarda na yi ƙaramin lissafi. Takardar Baba ta zo ranar biyu ga azumi. An ɗora injin a mota ranar sha tara. Saura kwana goma sha uku.